Zaman ritaya a Barikin Ladi: in sayi gidan ko in haƙura?

Malam_Sabo62: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san Filato. Saura mini wata 18 in cika shekara 35 a aikin gwamnatin tarayya. Mu biyu ne da uwargida, yara sun kama gabansu, biyu a Kaduna, ɗaya a Abuja. Ina da hawan jini amma ina kan magani, ita kuma ciwon suga ne, tana allurar insulin. An yi mini tayin wani tsohon gida na zamanin kamfanonin kuza a wajen Barikin Ladi, ginin dutse, ɗaki huɗu, da fili a baya da zai kai rubu'in hekta. Kuɗinsa bai kai rabin na ƙaramin gida a Kaduna ba. Sanyin wurin da natsuwarsa da ɗan noman dankalin turawa su ke jan hankalina. Abin da ke sa ni jinkiri shi ne ana cewa yankin baya yake yi tun da kuza ta faɗi. In zuba dunƙulen kuɗin fansho in saya, ko in haƙura?

Abu_Khadija: Wa alaikumus salam Malam. Araha ba ta ado. Kafin komai a tambayi dalilin da ya sa mai gidan ke son rabuwa da shi a wannan farashi, da kuma wata nawa ya yi yana neman mai saye.

DanBukuru: Malam Sabo, a fara raba abu biyu, don mutane suna haɗa su. Akwai garin Barikin Ladi kansa, hedikwatar ƙaramar hukuma, mai kasuwa da babban asibitin gwamnati da tashar mota, ga kwalejin fasaha ta jiha da filin jirgin sama na Yakubu Gowon a Heipang kusa da shi. Wannan bai mutu ba. Akwai kuma tsofaffin barikokin kuza da ke warwatse a gundumomin Ropp da Foron da Gashish, irin su Dorowa, Gana Ropp, Bisichi, Gindin Akwati da Exland. Su ne suka ragu sosai, domin kamfani ne ya kafa su, kamfani ne ke gyara hanya, shi ke kawo wuta da ruwa da ɗakin shan magani. Da ya naɗe tabarmarsa, babu wanda ya gaji wannan hidima gaba ɗayanta. To "wajen Barikin Ladi" da ka ce, kilomita biyu ne daga kwalta ko ashirin? Amsar duka tana rataye a nan.

Malam_Sabo62: Kamar kilomita bakwai ne daga babban titi, hanyar ba kwalta, amma an ce mota tana shiga.

DanBukuru: Mota tana shiga a Janairu. A tambaya ko tana shiga a Agusta.

Malamin_Tarihi: Don a fahimci dalilin arahar, ga yadda abin ya faru a taƙaice. Turawa sun fara haƙar kuza a tsaunin Jos a farkon shekarun 1900. Saboda ita aka shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya, wanda ya iso a 1914 aka rufe shi a 1957, kuma saboda ita aka haɗa Jos da babban layi ta Kafanchan a 1927. Kamfanin wuta na NESCO, mai injinan ruwa a Kurra Falls, ya fara a 1929 ne don ya ba ma'adinai lantarki. Da Japan ta kama Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai ta matsa wa Filato har da aikin tilas, aka kwaso mutane daga lardunan Arewa. A 1943 aka kai ƙololuwa, wajen tan dubu 17 a shekara. Daga nan kuzar da ke kusa da saman ƙasa ta yi ta ƙarewa, kuɗin haƙa ya yi ta hawa, dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta zo a 1972, sannan a Oktoban 1985 kasuwar kuza ta duniya ta rushe. Wajen shekara arba'in ke nan. Duk wanda zai tashi saboda rashin aikin kamfani ya riga ya tashi tuntuni, don haka faɗuwar kuza ba ita ce ke sa a sayar da gida da araha a yau ba. Abin da ke sa hakan yanzu tsaro ne da hanya da rigimar gado.

Ngo_Kaneng: Gaskiya Malamin_Tarihi ya faɗa, sai dai kuza ba ta mutu ɗungurungum ba. Matasa suna haƙar hannu har gobe, rami kamar rijiya a nutsa, sannan a bi ta ƙarƙashi. Wannan ma abin dubawa ne ga mai sayen gida, don ramin da aka fara a gonar maƙwabci yana iya bi ta ƙarƙashin katangarka.

Nas_Hadiza: Baba, ni maganar lafiya zan yi, don ita ce a gaba da kuɗin gida.

Tsayin wurin, mita 1,200 da ɗoriya, ba ya hana mai lafiya numfashi. Sai an haura mita 2,500 ake fara wannan magana. Mai raunin zuciya ko tsohon ciwon huhu ne kawai zai fara ganin likita. Sanyin ne abin lura. A Disamba da Janairu dare yana sauka wajen digiri 10, wani lokaci ƙasa da haka, ga iskar hunturu. Sanyi yana matse jijiyoyin jini, awon hawan jini ya ɗaga, ko da mutum bai canza magani ba. A sayi na'urar awo ta dantse, ba ta wuyan hannu ba, a auna safe da dare kwana bakwai a jere a cikin hunturun can, a rubuta. In yana zama a 140 bisa 90 ko sama, a kai wa likita takardar ya gyara magani. Mai ciwon gwiwa da mai asma su ma sun fi jin jiki a wannan lokaci. Sauro kuma yana nan, kada a ce an hau dutse an rabu da zazzaɓi, gidan sauro dole ne.

Insulin ɗin Mama wanda ba a buɗe ba yana son firji, digiri 2 zuwa 8, kuma kada ya daskare, in ya daskare ya lalace. Kwalbar da aka fara amfani da ita tana kai kwana 28 a ɗaki matuƙar zafi bai haura digiri 30 ba. A nan Filato ta fi Kaduna sauƙi. Amma ajiyar wata biyu ko uku sai da firji mai wuta tsayayya.

Babban abin shi ne nisa. Asibitin Barikin Ladi zai duba zazzaɓi, ya ɗaura ruwa, ya yi ƙananan ayyuka. Shanyewar ɓarin jiki, bugun zuciya, wankin ƙoda, hoton ƙwaƙwalwa, aikin ido na masu suga, duk sai Jos: asibitin koyarwa na JUTH a Lamingo, ko asibitin ƙwararru na jiha, ko asibitin Jankwano. Daga garin zuwa Jos ya haura kilomita 40, a ƙara bakwai na hanyar ƙasa, a ƙara shingayen jami'an tsaro. Da rana awa ɗaya da wani abu ne. Da ƙarfe biyun dare a cikin marka fa, wa zai tuƙa? In Baba ne ya faɗi, Mama tana tuƙi? In ba ta yi, wane maƙwabci ne mai mota da zai yarda ya fita a wannan lokaci? A samo sunansa da lambarsa kafin a biya ko sisi.

Ummu_Sadiq: Ƙari a kan na Nas. Kaskon gawayi a ɗaki rufe yana kashe mutane a lokacin sanyi. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, barci kawai take sawa, mutum ya wuce. A ɗumama ɗaki, a fitar da kaskon waje kafin a kwanta. Tsofaffin gidajen Turawa suna da murhun bango mai bututun hayaƙi, amma yawanci tsuntsaye da ƙasa sun toshe shi. A sa a share, a gwada da ɗan takarda a ga hayaƙin yana hawa sama, kafin a hura itace.

Injiniya_Bala: Bari in yi maganar ginin. Bangon dutse na wancan zamani ƙarfi gare shi, ba shi ne abin tsoro ba. Rufi da silin ne. Da yawa an yi su da asbestos, kwanon nan mai kama da siminti mai ruwan toka. In yana zaune lafiya ba ya cutarwa, amma ranar da kafinta ya sa zarto ko ya fasa shi da guduma, ƙurarsa tana shiga huhu, illarta kuma sai bayan shekaru take bayyana. In za a cire, a jiƙa shi da ruwa, a kwance shi falle-falle ba tare da an karya ba, ma'aikata su rufe hanci da abin rufewa na ƙwarai, a binne shi nesa da rijiya. A shiga cikin silin da tocila a soka katakon da sukundireba, in ya nutse gara ta gama da shi, sabon rufi ke nan gaba ɗaya, kuma a gida mai ɗaki huɗu kuɗinsa yana iya kusantar kuɗin gidan.

Tsagewar bango iri biyu ce. Siririya a kan filasta ba komai. Wadda ta tafi a karkace daga kusurwar taga, ta kai faɗin milimita 5, sama ta fi ƙasa buɗewa, tana nuna ƙasa na zaunawa. A yankin kuza wannan na iya zama an yi ginin a kan cikon rami, ko ana haƙa a kusa kamar yadda Ngo ta ce. A manna ɗan gilashi a kan tsagar da siminti a bar shi damina guda, in ya fashe to ginin yana motsi.

Sai yashi. Tarin yashin da aka wanke kuza aka bari, musamman baƙin nan mai nauyi da ke fitowa daga wuraren tace ta, yana ɗauke da ma'adinai masu fitar da tururin da ke illa ga jiki in an daɗe tare da su. Magina suna son shi don yana kusa kuma ba tsada. Kada a yi bulo ko filasta ko daɓen ɗaki da shi, a sayo yashin rafi.

Ruwa: ƙarƙashin wurin dutse ne, rijiyar burtsatse ba ta samuwa ko'ina. A biya masu awon ƙasa su nuna inda tsagar dutse take kafin a kira injin, in ba haka ba a haƙa mita 60 a tashi a banza. Rijiyar hannu kuma a je a leƙa ta a ƙarshen Maris, lokacin ne take faɗin gaskiya. Ta kasance aƙalla mita 30 daga masai, kuma a saman gangare. Ruwan kududdufin kuza na ban-ruwa ne da wanki, ba na sha ba, kuma zurfinsa yana farawa ne daga baki, jikoki in sun zo hutu kada a bar su su je wanka.

DanBukuru: Wuta kuma a tambaya layin wa ne. A yankin akwai masu shan ta NESCO, akwai na JED, kamfanin rarraba wuta na Jos, akwai inda turakun ke tsaye amma an sace waya ko tiransifoma ta ƙone shekaru ba a gyara ba. Ganin waya a sama ba shaida ba ce, a tambayi mai cajin waya na unguwar awa nawa yake kunna janareta.

Injiniya_Bala: Haka ne. In sola za a dogara da ita, ga lissafi. Ƙaramin firji yana cin kamar kilowat-awa ɗaya a yini. Ƙwayayen lantarki shida masu wat 9 na awa biyar, wat-awa 270 (wat-awa dubu ne kilowat-awa ɗaya). Talabijin na awa huɗu, 240. Cajin waya da rediyo, a ce 100. Fanka ba a cika bukatarta ba. Jimla ba ta kai kilowat-awa biyu ba, a ɗauka biyu. Faranti huɗu masu wat 400, batirin lithium mai kilowat-awa biyar, inbata mai kVA 2.5 zuwa 3 sun isa. Dalilin faranti huɗu maimakon biyu shi ne Yuli da Agusta, a yi kwana uku rana ba ta fito sosai ba. Hita ta ruwan wanka mai wat 1,500 da dutsen guga kada su hau wannan layi, a dafa ruwa da gas. A kafa sandar kariya daga tsawa a binne ta da kyau, don aradu a kan tsaunin nan tana ƙona inbata fiye da yadda ake zato, kuma ƙanƙara tana sauka a farkon damina.

Hajiya_Fansho: Malam Sabo, ni inda ka ce "dunƙulen kuɗin fansho" ne ya tsaya mini. A tsarin da ake kai tun dokar 2004, wadda aka sabunta a 2014, abin da ke asusunka kashi biyu ake yi masa: dunƙulen da za a ba ka a hannu, da ragowar da za a riƙa biyanka wata-wata. Duk abin da ka ƙara a na farko, daga na biyu ka rage shi, har ƙarshen rayuwa. Ragowar kuma ko ka bar ta wajen kamfanin fanshonka ana cira a hankali, ko ka saya wa kanka biyan rai-da-rai a kamfanin inshora. A tsarin cira a hankali, in mutum ya rasu, abin da ya rage na magada ne, kuma lokaci zuwa lokaci PenCom, hukumar kula da fansho ta ƙasa, tana amincewa a ɗan ƙara in asusun ya yi riba. Na inshora kuwa ba ya yankewa muddin kana raye, amma lamunin magada shekara 10 ne kawai, kuma in ka shiga ba ka dawowa na farko. Mai son kauce wa kuɗin ruwa akwai Asusu na Shida a kamfanin fansho, a nema a rubuce.

Abu na biyu, tunda ka fara aiki kafin 2004, wani kaso na kuɗinka haƙƙin tsohon tsari ne da gwamnatin tarayya za ta zuba, kuma an sha samun jinkiri a nan. Ka tabbatar ka yi rajistar tantancewa ta PenCom a shekarar da ta gabaci ritayarka, sunanka da ranar haihuwarka su zo ɗaya a NIN da asusun fansho da takardar ɗaukar aiki. Harafi ɗaya ya bambanta, fayil ya kwanta. Kada ka yi wa mai gida alkawarin ranar biya da kuɗin da bai shigo ba, kuma ka tanadi abin da za ku ci na wata shida zuwa shekara.

Na uku, fansho ba ya bin farashi. A Disamban 2024 hukumar ƙididdiga ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Ko a ce kashi 25 ne shekara uku a jere, naira dubu 100 za ta koma tana sayen abin dubu 51. Dunƙulen nan shi ne garkuwarku ranar da aka ce a kawo kuɗin aiki a asibiti. Gida a Kaduna in ta ɓaci za ka sa haya ko ka sayar cikin 'yan watanni. Gida a tsohon bariki, wanda ya saye shi da araha don ba masu nema, shi ma ranar sayarwa haka zai zauna yana jiran mai nema.

Inshorar lafiya ta ma'aikata ma a bincika, don tana tsayawa ne da ritaya. Akwai tsarin hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, na mai biya da kansa, akwai na jiha, PLASCHEMA. A yi rajista kafin a bar ofis, a zaɓi asibitin da ke kusa da inda za a zauna.

Manomi_Bokkos: Hajiya, lissafinki daidai ne amma kin bar ɓangare guda. Wanda ke Kaduna yana biyan haya, yana sayen kowane tumatir, yana ƙona mai a cunkoso tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. A can kabeji da karas da dankali da masara da acca a bakin gona ake saye. Rubu'in hekta kuma ba wasa ba ne. In aka yi kunya santimita 75 tsakani, aka shuka a tazarar santimita 30, zai ɗauki tushe dubu 11, wato iri kilo 500 zuwa 600 mai girman ƙwan kaza, da buhu biyu zuwa uku na NPK. A shuka a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, wata uku a haƙe. Iri irin su Nicola da Marabel suna nan, ga tashar binciken dankali a Kuru don neman iri mai tsabta.

Ngo_Kaneng: Manomi_Bokkos, ka faɗi shuka ba ka faɗi cuta ba. Cutar nan mai ƙona ganye, wadda ake kira bilait, in marka ta kama da hazo tana cinye gona cikin mako guda. Feshin mancozeb ake yi duk kwana 7 zuwa 10 tun kafin a ga tabo, in ta bayyana a koma mai haɗin metalaxyl, kuma ruwa in ya sauka bayan feshi an yi asara sai a sake. Wa zai goya tankin lita 16 a baya? Ba mai shekara sittin da hawan jini ba. Leburori kuma sun yi tsada, don matasa sun fi son ramin kuza da ake samun kuɗi a yini. Ga kuma kowa yana haƙe nasa a lokaci guda, farashi ya faɗi a Yuli da Agusta. Mai riba shi ne mai ɗakin ajiya ko mai noman rani a bakin kududdufi da injin ban-ruwa. Baba ya yi lambu don tukunyarsa, wannan zai ji daɗinsa. Ya sa shi a lissafin abin da zai riƙe gida, a'a.

Manomi_Bokkos: Ban musa ba Ngo. Shi ya sa shekarar farko a shuka kashi ɗaya cikin huɗu na filin kawai, a ga halin ƙasar. Inda aka yi cikon kuza ƙasar tsami gare ta kuma ba ta da ƙarfi, sai an yi shekaru ana zuba kashin kaji.

Lauya_Mainasara: Takardu. A yankin kuza gida ɗaya yana iya samun masu da'awa uku: wanda ya saya ko aka ba shi daga kamfani, iyalan da kakanninsu suka ba kamfani hayar ƙasar suke ganin ta dawo gare su da aikin ya ƙare, da kuma mai lasisin haƙar ma'adinai na yanzu. A dokar ƙasa ta 1978 gwamna ne ke ba da takardar mallaka, ƙaramar hukuma kuma tana ba da ta gargajiya a karkara. Ma'adinan da ke ƙarƙashi kuwa na gwamnatin tarayya ne bisa dokar 2007, ko da takardar mallakarka, wato C of O, na hannunka. Don haka a nemi mai sayarwa ya nuna yadda gidan ya fita daga hannun kamfani zuwa nasa, takarda bayan takarda. A kai lambar fili PLAGIS, ofishin rajistar filaye na jiha, a Jos a yi bincike. A ɗauki safiyo mai rajista ya auna ya fitar da lambobin wurin, a duba su a ofishin rajistar ma'adinai ko akwai lasisi a kai. In gidan gado ne, kowane magaji ya sa hannu, har mata da wanda ke Legas. A je wajen mai unguwa da Gwom, wato basaraken yankin, da rana tsaka, a gaban shaidu daga iyalan da ke da asalin ƙasar. Kuɗi ta banki, kashi-kashi, na ƙarshe sai an miƙa makulli da asalin takardu.

Abu_Khadija: Kowa yana zagaye maganar. Tsaro fa?

Da_Gwol: Ba a zagaye ta, ga ta. Yankin ya ga tashin hankali mai tsanani, kuma kowane ɓangare ya binne nasa. Rikicin Jos na 2001 da 2008 da 2010 ya raba unguwanni bisa addini har a ƙananan garuruwa. A Yulin 2012 Sanata Gyang Dantong ya rasu a wajen jana'izar waɗanda aka kashe. A Yunin 2018 an kai hare-hare a ƙauyukan Gashish, kuma a nan ne Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallacinsa da gidansa. A jajibirin Kirsimetin 2023 an sake kai wasu a Bokkos da Barikin Ladi. Yawanci ƙauyuka da gidajen da ke keɓe ne abin ya fi shafa, cikin gari kuma dokar hana fita da rufewar hanya. Gidan da ke shi kaɗai a kilomita bakwai, Malam, ni ba zan ce wa dattijo da matarsa su kwana a ciki ba, ko Musulmi ne ko Kirista. In ana son yankin, a zauna cikin mutane, inda in ka yi tari maƙwabci zai ji. Kuma wanda ya zo yana gaida kowa, yana zuwa jana'iza da biki na kowane ɓangare, ba ya shiga rigimar gona da kiwo, zamansa daban ne da na wanda ya zo ya ja katanga ya rufe ƙofa.

DanBukuru: Da_Gwol ya gama magana. Abin da zan ƙara, a duba ko gidan yana da hanyar fita fiye da ɗaya, a gwada layukan waya biyu a cikin ɗakin kwana ba a tsakar gida ba, a san inda shingen sojoji mafi kusa yake. Maganin wata guda da rabin tankin mai kada su yanke a gida, saboda dokar hana fita ba ta sallama.

Ummu_Sadiq: Ni tambayata ɗaya, an tambayi Mama? Namiji zai fita masallaci sau biyar, cikin mako biyu ya yi abokai a majalisa. Ita za ta bar maƙwabtan shekara talatin da Islamiyyarta da 'yan adashinta, ta zauna a gidan dutse tana jin iska. Kuma a yi maganar da ba a so: in Allah ya ɗauki ɗaya, wanda ya rage zai iya zama a can shi kaɗai? In amsar a'a ce, to yaran ne za su gaji gidan da ba mai zama, ba mai haya, ga rabon gado yana jiran a sayar.

Malamin_Tarihi: Wannan ita ce hanyar da yawancin gidajen nan suka bi har suka zo kasuwa da araha.

Manomi_Bokkos: Kada dai a kashe wa Malam gwiwa gaba ɗaya. Mutumin da ya yi shekara 35 yana shan zafin Afrilu yana da haƙƙin ya so inda zai yi barci da bargo. Akwai Bukuru, akwai Vom mai asibitin mishan da cibiyar binciken dabbobi, akwai Kuru, akwai Heipang a bakin kwalta. Sanyin ɗaya ne, Jos kuma ta fi kusa. Gidan zai fi tsada, amma ana samun mai haya saboda ɗalibai da ma'aikata.

Hajiya_Fansho: To a nan na yarda da kai. Kuma tunda saura wata 18, akwai lokacin gwaji. A kama hayar ɗaki biyu a cikin gari na shekara guda. A yi Janairu a can, a yi Maris, a yi Agusta. A rubuta duk abin da aka kashe a littafi, har kuɗin motar zuwa asibiti da zuwa ganin jikoki. Hayar shekara ɗaya ƙaramin abu ce a kan dunƙulen da ba ya dawowa.

Abu_Khadija: Mai gidan ba zai jira shekara ba ai.

Lauya_Mainasara: Yana iya jira in an ba shi dalili. A yi yarjejeniyar haya ta shekara ɗaya a kan gidan kansa ko filin, da sharaɗin cewa Malam ne ke da zaɓin saye a farashin da aka rubuta, kuma hayar da aka biya za a cire ta daga kuɗin. A rubuta, a sa shaidu. A cikin shekarar duk mai da'awa zai fito, don ganin baƙo yana gyara rufi yana tashe su. In mai gidan ya ƙi, ya ce yau ko gobe akwai wani mai saye, wannan ma amsa ce ga tambayar da Abu_Khadija ya yi tun farko.

Malam_Sabo62: Allah ya saka wa kowa da alheri. Uwargida ta karanta, ta ce maganar Ummu_Sadiq ce tata. Zan je a watan Agusta in ga hanyar da idona, in kuma duba haya a cikin gari da Heipang. Injiniya, gilashin nan da za a manna a tsaga, wane iri ne, kuma a wane gefen bango?

Injiniya_Bala: Siririn gilashin taga, faɗin yatsa biyu, tsawon kamar santimita 10. A kankare filasta har a kai dutse, a ɗora shi a gicciye kan tsagar, a kama bakinsa biyu da siminti ko gam mai ƙarfi, tsakiyar a bar ta sake. A sa a waje da ciki, biyu ko uku a tsawon tsagar, a rubuta kwanan wata a gefe da fenti. A sa kafin ruwan farko a Afrilu, a duba a ƙarshen Oktoba. In ka je a Agusta ka ɗauki hoton tsagar da tsabar kuɗi a kusa da ita don a ga girmanta, ka turo nan mu gani.

Nas_Hadiza: Baba, in za ku je ku tafi da na'urar awon jinin da ta suga, ku kwana aƙalla uku. Kuma ku bi hanyar daga ƙofar gidan zuwa ƙofar JUTH sau ɗaya bayan an yi ruwa, ku duba agogo.